Nisba da Zaɓen Fanni: Tarihin Makin Jarrabawa a Ƙauyukan Hausawan Dindir da Jazira

Gabatarwa

A Sudan, ɗalibin da ya kammala sakandare yakan cike takardar neman jami'a, ya jero fannonin da yake so ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da ke yanke hukunci shi ne nisba, wato kason da ya samu cikin ɗari a jarrabawar ƙarshe da ake kira Shahada Sudaniyya. Wannan muƙala ta bibiyi asalin wannan tsari da yadda ya riski Hausawan da ke zaune a Dindir, Mai Wurno da ƙauyukan Jazira.

Tushen Tsarin

Tun farko, an gina ilmin boko a Sudan ne domin tacewa. Turawan Ingila sun buɗe Kwalejin Gordon a Khartum a 1902 domin samar wa gwamnati akawuna, malamai da alƙalai, kuma ba ta ɗaukar fiye da adadin da ofisoshi ke buƙata. A 1924 aka kafa Makarantar Likitanci ta Kitchener, wadda ke ɗaukar ɗalibai ƙalilan daga cikin waɗanda suka fi ƙwazo. Daga nan aikin likita ya hau saman tsani. Da aka haɗa makarantun biyu a 1951, suka zama Jami'ar Khartum a 1956, wannan martaba ta bi su.

Har zuwa 1970, matakan karatu uku ne, kowanne shekara huɗu: awwaliyya, wusɗa da sanawiyya. A bakin kowace ƙofa akwai jarrabawa, kuma kaɗan ne ke tsallakewa. Sakandaren Hantub, wadda aka buɗe a 1946 a tsallaken kogi daga Wad Madani, tana cikin 'yan makarantun da ke kai yaro jami'a.

Matsayin Hausawa

Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyar Makka. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira, ya zauna kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya jawo ƙarin jama'a daga yamma. Da yawansu sun zauna a matsugunan ma'aikatan gona da ake kira kanabi, a gefen ƙauyukan masu riƙe da filaye, wasu kuma suka kafa ƙauyuka a bakin kogunan Dindir da Rahad.

Iliminsu na gado shi ne makarantar allo, wadda Sudawa ke kira khalwa. Makarantun gwamnati sun makara wajen isa irin waɗannan wurare, kuma dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun bar iyalai da dama da suka zo daga yamma cikin wahalar samun takardu. Ga kuma batun harshe: yaron da ya tashi da Hausa a gida yakan fara aji ɗaya da Larabci. Lokacin tsinkar auduga da girbin dawa da riɗi ma yakan raba shi da aji. Don haka tseren bai fara daga layi ɗaya ba.

Yadda Maki Ke Zaɓen Fanni

Zaɓi na farko yana faruwa ne tun a sakandare, inda ake raba ɗalibai gida biyu: ilmi, ɓangaren kimiyya, da adabi, ɓangaren adabi da zamantakewa. Wanda ya shiga adabi ya yi ban kwana da likitanci da injiniyanci. Ana lissafa nisba daga darussa bakwai, huɗu daga ciki na dole: Larabci, Ingilishi, addini da lissafi. Daga nan ofishin karɓar ɗalibai na ƙasa yakan jera masu nema daga sama zuwa ƙasa har kujerun kowace tsangaya su cika. Makin shiga likitanci a Khartum ya saba haura kashi 90 cikin ɗari, yayin da fannin koyarwa da aikin gona ke karɓar ƙasa da haka nesa.

Illar wannan a karkara a bayyane take. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ko malamin lissafi takan tura ɗalibanta adabi ko da suna da basirar kimiyya. Fannin koyarwa kuma, wanda ya kamata ya gyara wannan giɓi, yakan cika da waɗanda maki ya kai su can ba da son ransu ba.

Sauye-sauye

An kafa Jami'ar Jazira a Wad Madani a 1975 da manufar kusantar da ilimi ga karkara. Daga 1990 gwamnati ta yawaita jami'o'i, ta mayar da harshen koyarwa Larabci, aka samu jami'o'i a Sinnar da Damazin. An kuma ware kujeru ga 'ya'yan jihohin da aka bari a baya. Sai dai an buɗe wata ƙofar, ta karatu da kuɗin kai, wadda ke bai wa mai hali damar shiga fannin da makinsa bai kai ba. Ɗan manomi ba shi da wannan gata.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula komai. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, Dindir kuma a tsakiyar 2024, kafin sojoji su ƙwato su. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawa a 2023 sai a ƙarshen Disambar 2024 suka samu rubuta ta, da yawa suna gudun hijira.

Kammalawa

Ana ɗaukar nisba a matsayin ma'aunin ƙwazon ɗalibi, kuma tana da amfani wajen toshe ƙofar alfarma. Amma tarihi ya nuna cewa tana auna makarantar da yaro ya fito, da harshen da ya fara karatu da shi, da halin gidansu. Hausawa na cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk mai son ganin likita ko injiniya daga ƙauyukan Dindir, to aikin yana ajin farko na firamare.