Badun a Tsohuwar Taswira



Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, mun shimfiɗa wata tsohuwar taswirar Ibadan a kan tabarma a ofishin ƙungiya, muka danne gefunanta da kofunan shayi saboda iskar fanka. Ɗan wani mambanmu da ke karatun safiyo ne ya kawo mana kwafinta. Ta shekarun 1960 ce, bugun ofishin safiyo na Tarayya da ke Legas. Mun ɗauka kallon minti goma za a yi a tashi, sai ga shi kiran magariba ne ya tashe mu.

Ba irin taswirar da muka saba gani a waya ba ce, wadda titi kawai take nuna wa mutum. Wannan ƙasar kanta take nunawa: tudu, kwari, rafi, fadama, daji da gona. Akwai wasu siraran layuka masu launin ƙasa da suka bi ko'ina suna lanƙwasa. Yaron ya yi mana bayani cewa kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne, kuma da ƙafa aka yi lissafin, ba da mita ba. Inda layukan suka matsu da juna, gangara ce mai tsauri. Inda suka ware, fili ne shimfiɗaɗɗe. Santimita ɗaya a takardar rabin kilomita ne a ƙasa. Daga jirgin sama ake ɗaukar hotunan da ake zana irin waɗannan taswirori da su, sannan ma'aikatan safiyo su bi ƙasa da ƙafa suna tambayar sunayen ƙauyuka da rafuka. Turawan Ingila sun kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki a ƙasashen da suke mulka a 1946, aka ci gaba da shi har bayan samun 'yancin kai.

Abin da kowa ya fara nema, ba sai an faɗa ba, Sabo ne. Da muka same shi gefen Mokola, wani dattijo ya ɗora babban yatsansa a kai, sai unguwar gaba ɗaya ta ɓace a ƙarƙashin farcensa. Aka yi dariya. Amma fa a ƙarƙashin farcen nan ne aka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarbawa shekaru da dama. A 1916 aka keɓe wa Hausawa wurin. Kafin nan a cikin gari suke sauka, a gidajen Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911, daga nan fatauci ya ƙara ƙarfi, baƙi suka yawaita. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, wato kusan lokacin da aka yi taswirar nan, ya rubuta littafi sukutum a kan unguwar wanda ya fito a 1969. Mutanen Sabo a lissafinsa dubu huɗu ne da 'yan kai. Yau ranar Juma'a kaɗai a duba sahu.

Kusa da Sabo akwai filin sukuwa. Matasan da ke wurin ba su san da shi ba, domin filin wasa na Adamasingba suka tashi suka gani, wanda aka buɗe a 1988 a kan wannan fili. Haka filin jirgin sama: a Samonda yake a lokacin, kusa da jami'a, tun ba a koma Alakia ba. Babu babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, sai a 1978 aka buɗe ta. Babu kasuwar Bodija da muka sani, ita ta 1987 ce, sai rukunin gidajen Bodija da aka fara a 1959. Tsohon gari kuwa, kewayen tudun Mapo, a cunkushe yake, gidaje sun haɗe har ba a rarrabe su.

Daga jami'a zuwa arewa a kan hanyar Oyo, inda yau akasarin mutanenmu ke neman abinci, wato Ojoo da Sasa da Moniya, ƙauyuka ne jefi-jefi a tsakiyar daji da gonaki. A nan ne muka ga yadda kasuwancinmu ya yi tafiya. Muddin jirgin ƙasa ne ke kawo kaya, kusa da dogo muke zaune, daga tashar Dugbe zuwa Sango. Dattawanmu ma cewa suke sunan Sango ɗin nan zango ne bakin Yarbawa ya juya, don a nan ake sauke shanu. Da tirela ta karɓe aikin jirgi, sai kara ta koma Bodija, daga baya Akinyele. Tumatur da albasa suka yada zango a Sasa. Kowane ƙaura arewa muka ƙara matsawa, muna tarar kaya tun kafin su shigo gari.

Amma abin da ya fi tsayar da mu shi ne ruwa.

A taswirar, shuɗin layi ya ratsa garin ta ko'ina. Ga Ogunpa ya gangaro ta Agodi ya bi ta tsakiyar gari, ga Kudeti, ga Ona ta yamma tare da madatsar Eleyele da aka gina a 1942. Bayan waɗannan manya akwai ƙananan ƙoramu birjik, kowane kwari da tasa. Badun gari ne na tuddai, kuma duk ruwan da ya sauka a kan tudu dole ya nemi kwari. Da yaron ya buɗe hoton garin na yanzu a wayarsa ya ajiye gefen takardar, da yawa daga ƙoramun nan ba mu gan su ba, rufin kwano ne a wurin. An cike su da shara da jar ƙasa, an yi gini a kai. Sai dai gangarar tana nan yadda aka zana ta shekara sittin da suka wuce, ruwa kuma bai san an sayar da hanyarsa ba.

Manyanmu ba su manta da 31 ga Agusta 1980 ba, ranar da Ogunpa ya cika ya tumbatsa, ya ci rayuka da gidaje da dukiya, ya lalata lambun shaƙatawa na Agodi. Yarbawa suka sa wa abin suna Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Mu kuma mun ga ta 26 ga Agusta 2011 da idonmu, wadda ta kashe sama da mutum 100, ta tafi da gadar Apete, ta yi ɓarna a Odo-Ona. Mun bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan taswirar. Kowanne a bakin shuɗin layi yake, a ƙasan kwari.

Ana cikin haka wani ɗan uwanmu, ba za mu faɗi sunansa ba, ya nemi a nuna masa wajen da ya sayi fuloti shekara huɗu da suka wuce. Da rani dillali ya kai shi, wuri a bushe ƙayau, farashi kuma da sauƙi. Ya yi ɗaki uku ya zuba iyali. Tun daga lokacin kowace damina sai sun ɗora katifu a kan benci, sun kwana tsaye. Da aka lalubo wurin, sai ga alamar fadama zane a kansa, da 'yar ƙorama ta bi ta tsakiya. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, daga baya ya ce, ashe tun kafin a haife ni an rubuta. Ba shi kaɗai ba ne. Kuɗin haya a Sabo da Mokola ya kori da yawa daga cikinmu zuwa bayan gari, kuma fili mai arha galibi da dalilinsa.

Wani abu da takardar ba ta da shi shi ne mu. Ba ta nuna gidan wane maigidan ne fatake ke sauka ba, ko inda ake ɗaure huhun goro, ko makarantar allon da ta fi daɗewa. Waɗannan suna kan dattawa, su kuma kullum raguwa suke yi, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ranar Asabar ɗin nan kaɗai, mutum biyu sun yi gardama a kan inda wata tsohuwar rijiya take, aka rasa na ukun da zai raba su.

Saboda haka kwamiti ya amince a buga kwafi biyu manya. Ɗaya za a manna a bangon ofis, duk mai shirin sayen fili ya zo a duba masa wurin kafin ya biya ko sisi, kyauta ne, amma wannan ba zai hana shi neman ɗan safiyo da takardun gwamnati ba. Ɗayan kuma za mu zagaya da shi gidajen dattawa da fensir, su nuna mu rubuta. Za mu fara Asabar mai zuwa bayan la'asar in sha Allahu. Wanda ke da tsoho a gida da ya san Sabo tun kafin yaƙin basasa, ya sanar da mu a ofis, mu za mu zo inda yake.

Sakataren ƙungiya