Mai zanen da ya shiga damben da doka ta hana

Yau tarihinmu zai kai mu birnin New York na Amurka, shekarar 1909, wajen wani mai zane, George Bellows.

A wancan zamanin, manyan masu zane sun fi son zana attajirai da matansu da lambuna masu kyau. Shi kuwa Bellows, haifaffen jihar Ohio a 1882, ya zo New York a 1904 ya zama almajirin Robert Henri, malamin da kullum yake tura ɗalibansa titi su zana abin da idonsu ya gani. Sai suka koma zanen leburori, yaran talakawa masu wanka a kogi, da gidajen haya masu cunkoso. Daga baya aka yi musu laƙabi da Ashcan, wato masu zanen kwandon shara.

To, ga inda nake so mu tsaya. A lokacin, dokar New York ta hana damben boksin a bainar jama'a. Sai masu wayo suka buɗe kulob. Ka biya kuɗi a ƙofa, an mai da kai mamba, shi ke nan wasa ya zama na cikin gida. Ɗaya daga cikin wuraren nan na Tom Sharkey ne, tsohon ɗan dambe, kuma yana tsallaken titi da ɗakin zanen Bellows. Nan ya riƙa zuwa kallo.

Zanensa mai suna Stag at Sharkey's, wanda yanzu yake gidan tarihin Cleveland, ya nuna mutum biyu sun gwabza, jiki ya haɗu da jiki, fuskokinsu ma ba sa fitowa sosai. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne 'yan kallo. Suna zagaye da fagen cikin duhu, wani da sigari a baki, suna jin daɗin wahalar wasu.

A shekarar dai ya zana Both Members of This Club, ma'ana dukansu biyun mambobin kulob ne. Baƙin mutum ne da Bature suke dambe, bayan Jack Johnson ya zama baƙi na farko da ya riƙe kambun ajin masu nauyi na duniya a Disambar 1908. Sunan kansa habaici ne, don a Amurkar lokacin baƙin mutum ba ya zama mamba a irin wuraren nan sai in zai hau fage.

Bellows ya rasu a 1925 yana da shekara 42. Idan kun nemo zanen nan a intanet, ku dubi fuskokin 'yan kallo da kyau, sannan ku gaya min abin da kuka gani.

Mu haɗu a shiri na gaba.