Tarihin Katakon Dogo da Maganin da Aka Shayar da Shi

Duk wanda ya bi layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe, ya sauka Gusau, sa'an nan ya miƙe arewa har Ƙauran Namoda, idonsa kan tsaya ne ga ƙarafan nan biyu da jirgi ke gudu a kansu, alhali kuwa abin da ya ɗauki nauyinsu, ya riƙe su kada su buɗe ko su tsuke, yana kwance a ƙarƙashinsu a gicciye, fiye da dubu a kowace kilomita guda. Waɗansu na ƙarfe ne, waɗansu na katako, kuma na katakon nan su ne abin maganarmu, domin a cikinsu akwai wani baƙin mai da aka shayar da su, wanda ya tsawaita rayuwarsu, ya kuma mai da su abin tsoro bayan sun gama aiki.

Jirgi ya isa Kano a 1911, kuma ba a yi shekaru da yawa ba sai cinikin gyaɗa ya bunƙasa har ya wuce zaton waɗanda suka shimfiɗa hanyar, waɗanda auduga ce ke ransu tun farko. Ganin haka ya sa Gwamnatin Turawa ta ƙudura fitar da reshe daga Zariya zuwa ƙasar Zamfara, aka tara leburori ta hannun hakimai da dagatai, aka yi ta aikin diga, rani da damina, har dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Gusau, garin Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, wanda a da ribaɗi ne da gonaki, sai ya zama matattarar fatake da kamfanonin Turawa da Kwarori. Manoman Bungudu da Kwatarkwashi suka riƙa koro jakuna ɗauke da gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga zuwa sikeli, na Tsafe kuwa ga tasha a ƙofar gidansu. Ba don wannan dogo ba, da wuya Gusau ta kai matsayin da aka zaɓe ta hedkwatar Jihar Zamfara a 1996.

Amma masu shimfiɗa hanyar sun tarar da abokiyar gaba wadda ba ta barci, wato gara, ga kuma ruɓa da ruwan damina ke haddasawa. Saboda haka aka fi dogara ga na ƙarfe a miƙaƙƙiyar hanya, aka bar katako a wuraren da ya fi dacewa, kamar kan gadoji da mararrabar da jirgi ke sauya layi. Katakon kuwa, in ana so ya daɗe, sai an ba shi magani, kuma asalin maganin yana can nesa da mu.

A farkon ƙarni na 19 mutanen Ingila suka fara haskaka titunansu da iskar gas, har aka kafa kamfanin gas na birnin Landan a 1812. Yadda suke samun gas ɗin shi ne su zuba kwal a cikin tukunyar ƙarfe rufaffiya, su hura mata wuta daga waje, ba tare da iska ta shiga ba, sai kwal ɗin ya rabu uku: iska mai kamawa da wuta, da gawayi mai tauri, da kwalta baƙa mai wari wadda da fari ba a san yadda za a yi da ita ba. Da aka tace wannan kwalta sai aka sami wani mai da ake kira kiriyosot, aka kuma lura cewa ƙwari da ruɓa ba su kusantar itacen da ya sha shi. A 1838 wani Baturen Ingila, John Bethell, ya yi rajistar dabarar tura man nan cikin katako da ƙarfin matsi a cikin tanki rufaffe, ta yadda zai ratsa har ciki maimakon ya tsaya a fata. A 1902 kuma Max Rüping na Jamus ya gyara dabarar domin a rage yawan man da ake kashewa. Katakon da a da yakan ruɓe cikin 'yan shekaru, sai ga shi yana shekara talatin ko fiye da haka. Hakika wannan fa'ida ce babba, domin kowane gungume da ya daɗe bishiya ce da aka bari a tsaye a daji.

Illar ire-irensa ma an daɗe da gano ta. Tun a 1775 likita Percivall Pott ya danganta ciwon daji da kunkunniyar da masu share bututun hayaƙi ke cuɗanya da ita. A 1915 malamai biyu na Japan, Yamagiwa da Ichikawa, suka riƙa shafa kwalta a kunnen zomaye har ciwon ya bayyana. A 1933 kuma aka ware ɗaya daga cikin sinadaran da ke aikata ɓarnar daga cikin kwalta a Landan. A yau hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya kiriyosot cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar ga ɗan Adam, Tarayyar Turai kuwa ta hana sayar da shi ga jama'ar gari tun 2003. Matsalar ita ce, ko bayan katako ya tsufa an cire shi, kaso mai yawa na man yana nan a cikinsa. In an binne shi, ya tsiyaya cikin ƙasa. In an jibge shi, ya zama makamashin gobara. In kuwa an faskara shi an sa a murhu, to hayaƙinsa ya shiga ƙirjin mai girki da goyonta, ya kuma sauka a kan abin da ake gasawa. Amurka, wadda ke cire katakon dogo wajen miliyan 20 a kowace shekara, mafi yawansu ƙone su take yi a manyan tanderun masana'antu masu tace hayaƙi.

A nan ne masana suka koma ga asali. Tun da ta hanyar gashi a rufe aka haifi man nan, ashe ta hanyar ne kuma za a iya fitar da shi. Wannan aiki, da suke kira farolisis, ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ne abin da mai toya gawayi ke yi sa'ad da ya jera itacen ƙirya ya lulluɓe shi da ƙasa domin maƙera su sami abin hura zuga. Bambancin kawai shi ne mai gawayi yana sakin hayaƙinsa ya bi iska, injiniya kuwa yana tare shi. Ana daddatsa katakon ƙanana, a cire ƙusoshi, a zuba a tukunyar ƙarfe da aka toshe. Da yake kiriyosot yana tafasa ne tsakanin digiri 200 da 400 a ma'aunin Salsiyos, idan aka fara da matsakaicin zafi sai akasarinsa ya tashi tururi, a bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma mai, wanda za a iya sake shayar da sabon katako da shi. Masu bincike a Jami'ar Tennessee ta Amurka sun gwada wannan mataki sun nuna yana yiwuwa. Daga nan sai a ƙara wuta zuwa digiri 500 ko 600, itacen ya rushe, ya ba da gas da ake mayarwa ƙarƙashin tukunyar ta ci gaba da dafa kanta, ya bar gawayi kimanin rubu'i zuwa sulusin nauyinsa.

Sai dai wajibi ne a faɗi sharuɗɗan, domin abin da aka yi rabi da rabi ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari. Gawayin ba ya zama abin amincewa sai an auna shi a ɗakin gwaji, kuma ko an auna, masana'anta ta fi cancanta da shi bisa ga tukubar mai tsire. Akwai kuma katakon da ba kiriyosot ya sha ba, an jiƙa shi ne da ruwan tagulla da kuromiyam da arsanik, wanda kan ba shi launin kore-kore. Shi wannan katako, wuta ba ta kashe dafinsa, wani ya bi hayaƙi, wani ya zauna a toka, don haka tilas a ware shi dabam. Babban abin da nake jin tsoro shi ne wani ya ji labarin nan ya ce ai gawayi ne, ya haƙa rami a bayan gari ya toya katakon dogo irin toyin gargajiya. Wanda ya yi haka ya raba guba ne ga unguwa guda.

Mutanen Zamfara ba su bukatar a yi musu dogon wa'azi a kan wannan. A 2010 dalmar da aka shigo da ita cikin gidaje tare da duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma iyayensu ba mugunta suka yi ba, neman halali suka fita, ba wanda ya gaya musu abin da ke cikin ƙurar. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa kawar da cuta yana gaba da jawo amfani, ga shi kuwa a wannan mas'ala ana iya haɗa biyun.

Sababbin layuka, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, a kan kankare aka ɗora su, kuma duk ranar da gyara na sosai ya zo wa reshen Ƙauran Namoda, tsohon katako zai fito ya taru. Dukiyar Hukumar Jiragen Ƙasa ce, amana ce ta jama'a, bai halatta kowa ya ɗiba ba, haka nan bai kamata hukumar ta yi gwanjonsa ga wanda zai sayar wa masu abinci ba. Muna da Jami'ar Tarayya a Gusau, da kwalejin fasaha a Ƙauran Namoda, da cibiyar nazarin sufuri a Zariya. Ina roƙon malamansu su nemi iznin hukuma su ƙidaya abin da ke akwai, su gwada ƙaramar tukunya tun kafin bukata ta taso. Kafin wannan lokaci kuwa, ina kira ga masu unguwanni da limamai daga Tsafe har Bungudu su sanar da jama'a cewa baƙin katako mai warin kwalta ba itacen girki ba ne, ba a yin akurki ko komin dabbobi da shi, ba a kuma ɗora shi a bakin rijiya.