Yadda ake gane ciwon ambireyaji kafin a sauke akwatin giya

Ambireyaji, wanda makanikan Maraɗi da sauran garuruwan bakin iyaka suka fi kira kuloci, shi ne ke haɗa ƙarfin inji da akwatin giya, ya kuma raba su idan direba ya taka feda. Manyan sassansa uku ne. Akwai disk, faifai mai fata irin ta birki. Akwai plato, wanda ke matse faifan a jikin bolan inji. Sai bute, boris ɗin da ke danna plato ya saki faifan idan an taka feda. Dukansu suna ɓoye tsakanin inji da akwatin giya, ba a kai gare su sai an sauke akwatin. Wannan aikin ne ke cinye kuɗi da wuni guda a garaji, alhali wasu cututtukan ambireyaji daga waje suke, ana gyara su cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ya kamata mai mota ya san alamomin kafin ya yarda a kwance.

Ciwon da ya fi yawa shi ne santsi. Inji na ƙara kuka, allurarsa na hawa, amma gudun mota bai ƙaru ba. Yakan fara bayyana a giya ta huɗu ko ta biyar, wajen hawan tudu ko lokacin da aka yi lodi mai nauyi, wani lokaci da ƙauri irin na birkin da ya ƙone. Gwajinsa ba wuya: a tsayar da mota a fili inda babu mutum a gaba, a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a ɗan taka totur, sannan a saki feda a hankali. Idan inji ya mutu nan take, faifan na kamawa. Idan ya ci gaba da aiki bayan an saki feda gaba ɗaya, akwai santsi. Sau ɗaya ya isa, domin gwajin kansa yana cin fata.

Sai dai santsi ba kullum ne yake nufin faifai ya ƙare ba. A motar da ambireyajinta ke aiki da waya, feda tana bukatar ɗan wasa, wajen santimita 1 zuwa 2, kafin ta fara nauyi. Idan an ɗaure wayar har wasan ya ɓace, plato ba ya matsewa sosai, kuma sassauta ta kaɗai na iya kawar da matsalar. Haka nan idan mai ya yoyo daga robar bayan inji ko ta gaban akwatin giya ya jiƙa faifan, zai yi santsi ko da sabo ne. Ɗigon mai a ƙasan mahaɗar inji da akwati alama ce. Wanda ya canza faifai bai canza robar ba, zai sake biyan kuɗin sauke akwati.

Ciwo na biyu kishiyar na farko ne: ambireyaji ba ya saki. Giya na ƙin shiga, musamman ta ɗaya da ta baya, ko ta shiga da ƙarar haƙora, motar kuma tana son tafiya alhali feda na ƙasa. A nan ne ake yawan ɗora wa akwatin giya laifin da ba nasa ba. A kashe inji a gwada. Idan giyoyi duka sun shiga lami lafiya, amma suka ƙi da zarar an tayar da inji, to ambireyaji ne. A motoci irin su Hilux da Hiace, mai ne ke kai ƙarfin feda ta famfo biyu, ɗaya a sama kusa da feda, ɗaya a jikin akwatin giya. Man irin na birki ne, DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfin gorarsa. A duba ko ya ragu, a duba jiƙa a bayan feda da kan famfon ƙasa. Idan giya ta shiga bayan an taka feda sau uku ko huɗu a jere, iska ce ta shiga ko robar famfo ta gaji. Duk wannan ana gyara shi akwati na wurinsa. Kada a zuba man inji a gorar ko da a tsakiyar daji ne, domin yana kumbura robobin.

Ƙara kuma sai an lura da lokacin da take fitowa. Wadda ke tasowa idan an taka feda, ta ɓace idan an saki, galibi bute ce. Wadda ake ji mota na firi, ta yi shiru da zarar an taka feda, ta fi kama da boris na cikin akwatin giya, kuma sabon ambireyaji ba zai kashe ta ba.

Rawar mota lokacin tashi daga tsaye tana iya fitowa daga faifai mai mai ko bolan da zafi ya ƙona, amma a fara duba robobin da inji ke zaune a kansu. Wasu motocin gazuwal da ake kawowa daga Turai suna da bolan mai hawa biyu da sifirin a ciki, wanda idan ya gaji yakan yi ƙwanƙwasa wajen tayar da inji da kashe shi.

Tsawon ran faifai ya dogara da ƙafar direba da irin hanya. Motar da ke bin kwalta daga Yamai zuwa Dosso, Birnin Ƙonni, Maraɗi har Damagaram ba ta cika taɓa ambireyaji ba. Taksin cikin gari da motar kasuwar ƙauye su ne ke shan wuya. Rairayi ya fi kome cinsa: mota ta kafe, direba ya riƙe feda rabi yana ba ta wuta, a cikin mintoci kaɗan fatar ta toye. Rage iskar taya da tone yashi sun fi arha. Ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, da tsare mota a kan tudu da ambireyaji maimakon birki, su ma suna cin faifai da bute.

Idan har an tabbatar sai an sauke akwati, a canza disk da plato da bute tare, a shafa fuskar bolan a ji ko ƙusoshin tsohon faifai sun yi mata zane, a duba robobin mai guda biyun. Ƙurar da ke ciki a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura ta da iska, domin wasu faifan, musamman tsofaffi, suna ɗauke da asbestos mai lalata huhu.