Babi na ɗaya (kundin bincike)

Babi na ɗaya, wanda ake kira gabatarwa ko shimfiɗa, shi ne kashin farko na kundin binciken da ɗalibi yake rubutawa a shekararsa ta ƙarshe a jami'a, ko kwalejin ilimi, ko kwalejin kimiyya da fasaha. A cikinsa ɗalibi yake bayyana matsalar da zai bincika, da dalilin da ya sa ta cancanci bincike, da inda aikin zai tsaya. A yawancin manyan makarantun Najeriya kundin yakan ƙunshi babi biyar, kuma sauran huɗun ana auna su ne da alkawarin da aka ɗauka a na farko.

Muhallin rubutun a Zariya

Gyallesu unguwa ce a Zariya da ke maƙwabtaka da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya, shi ya sa ɗalibai da dama suke kama haya a cikinta. An kafa jami'ar a shekarar 1962, kuma a Kongo ake koyar da shari'a da harkokin mulki. Ita ma kwalejin ta soma ne a 1962 a matsayin babbar kwalejin horon malamai, daga baya aka ɗaga darajarta zuwa jami'ar ilimi. Kowane sashe yana da tsarin da yake bi, kuma ana haɗa ɗalibi da malamin da zai duba aikinsa. Galibi sai malamin ya amince da take da babi na ɗaya kafin ɗalibi ya ci gaba.

Abubuwan da ya ƙunsa

A sassan da ake rubuta kundi da Hausa, an saba da waɗannan kanun:

Shimfiɗa: taƙaitaccen bayanin fagen da binciken ya faɗa ciki.
Dalilin bincike: matsalar da aka gano, ko giɓin da ayyukan baya suka bari.
Manufar bincike: abin da ake son cimmawa, a jere ɗaya bayan ɗaya.
Tambayoyin bincike: kowace manufa da tambayarta.
Hasashen bincike: zaton da za a gwada, musamman a aikin da ake amfani da alƙaluma.
Muhimmancin bincike: waɗanda za su amfana da sakamakon.
Farfajiyar bincike: wuri, da lokaci, da mutanen da aikin ya shafa.

Wasu sassan sukan saka hanyoyin gudanar da bincike a nan, wasu kuma su ware musu babi na uku.

Tsarin Swales

A shekarar 1990 masanin harshe John Swales, ɗan Ingila da ya koyar a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya bayyana matakai uku da gabatarwar maƙalun ilimi take bi. Na farko, marubuci ya nuna fagen da abin da aka riga aka sani. Na biyu, ya nuna giɓin da ya rage. Na uku, ya faɗi yadda aikinsa zai cike giɓin. Shimfiɗa ta dace da mataki na farko, dalilin bincike da na biyu, manufa da tambayoyi kuma da na uku.

Misali

Take irin "Matsalolin ilimi a Najeriya" ya fi ƙarfin ɗalibin da yake da zango ɗaya ko biyu a hannunsa. Idan aka taƙaita shi zuwa koyar da karatu da Hausa a aji ɗaya zuwa uku na makarantun firamaren Gyallesu, aikin zai yiwu. Shimfiɗa za ta ambaci manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankinsu. Dalilin bincike zai nuna bukatar sanin abin da yake faruwa a cikin aji. Farfajiya kuma za ta ƙayyade yawan makarantu da malaman da za a tuntuɓa.

Kurakuran da aka fi yi

Babban kuskure shi ne doguwar shimfiɗa mai cike da tarihi, alhali ba a fito da matsalar ba. Akwai kuma rashin daidaito, inda za a jera manufa huɗu da tambayoyi uku, ko a amsa a babi na huɗu abin da ba a tambaya ba. Na uku shi ne kwafo babin daga intanet ko daga tsohon kundi. Wannan satar fasaha ce, tana iya jawo soke aikin, kuma jami'o'i da dama suna amfani da manhajoji irin su Turnitin wajen gano ta. Saboda bincike yakan sauya hanya bayan an fita tattara bayanai, malamai sukan umarci ɗalibi ya sake bitar babi na ɗaya bayan kammala sauran, kafin a kai kundin wurin ɗauri.