Lafiyayyar fata: Yadda take da hanyoyin kula da ita

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam. Faɗin fatar baligi ya kai kusan murabba'in mita 2, nauyinta kuwa kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki. Ita ce katangar da ke tare ƙwayoyin cuta, ta hana ruwan jiki ƙafewa, ta daidaita zafin jiki ta hanyar gumi, ta kuma samar da bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta.

Yadda take

Fata hawa uku ce. Hawan sama yana sabunta kansa duk bayan kimanin mako 4, kuma a cikinsa ake samar da melanin, sinadarin da ke ba fata launi, yake kuma kare ta daga illar rana. Na tsakiya na ɗauke da jijiyoyin jini, tushen gashi da matsirar gumi da maiƙo. Na ƙasa kitse ne mai riƙe ɗumi.

Ana gane lafiyayyar fata da laushi da santsi, ba ƙaiƙayi, ba tsagewa, kuma ƙaramin rauni kan warke cikin 'yan kwanaki. Launi ba ya cikin ma'auni: baƙa, wankan tarwaɗa da fara duk suna iya zama lafiyayyu. Gwiwa da gwiwar hannu su ɗan fi sauran jiki duhu ba ciwo ba ne.

Kulawar yau da kullum

A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska kan zuƙe danshin fata, ta haifar da kaushi, faso da tsagewar leɓe. Ruwa mai zafi ƙwarai, sabulu mai kaifi da dirza da soso mai ƙarfi suna wanke maiƙon da ke kare ta. Abin da ya dace shi ne wanka da ruwan ɗumi, a shafa mai kamar man kaɗanya ko basilin tun jiki da sauran laima, domin mai danshi yake tsarewa.

A bazara kuwa, gumi ne ke jawo ƙurajen zafi da kyasbi. Tufafin auduga marasa matsewa da tsane hammata da tsakanin yatsun ƙafa bayan wanka ko alwala suna rage su. Mai wuni a rana, musamman zabiya, yana buƙatar inuwa, malafa da man kariya daga rana, domin zabiya ya fi kowa haɗarin kamuwa da sankarar fata.

Haɗarin bilicin

Yawancin mayukan bilicin na ɗauke da hydroquinone, makuri ko magungunan steroid irin su clobetasol. Steroid kan sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, rauni ya ƙi warkewa. Hydroquinone, idan aka daɗe ana shafawa, kan bar baƙin tabon da ke da wuyar gogewa, makuri kuma kan lalata ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Haɗin da ake sayarwa a kwalba ba suna ba lamba ya fi haɗari, tunda mai saye bai san abin da aka zuba ba.

Lokacin zuwa asibiti

Ya kamata a ga likita idan gyambo ya ƙi warkewa, musamman ga mai ciwon suga, ko tawadar Allah ta sauya girma ko launi, ko ƙaiƙayin dare ya kama mutanen gida ɗaya, wanda sau da yawa alamar ƙazuwa ce. Tabo mai haske da ba a jin taɓi a kansa na iya zama farkon kuturta, cutar da ke warkewa sarai idan aka fara magani da wuri, kuma kyauta ake ba da maganinta.