Yadda aka haɗa ƙasashe uku suka zama Najeriya, da inda mu mazauna Kudu muka tsaya

 Duk lokacin da wata rigima ta tashi a kasuwa, kalmar farko da ake jefa mana ita ce "ku koma garinku". Wasu daga cikinmu ma sukan ce ai Turawa ne suka haɗa mu dole, kuma wai haɗin na shekara ɗari ne, ya ƙare tun 2014. Shi ya sa na tattara wannan bayani a wuri ɗaya, don mutum ya san yadda aka yi haɗin, dalilin da ya sa aka yi shi, da abin da doka ta ce game da zamanmu a nan.

Kafin 1914

Turawan Ingila ba su ci wannan ƙasa rana ɗaya ba, gutsure-gutsure suka yi. A 1861 suka karɓe Legas daga hannun Sarki Dosunmu, ta zama mallakar Ingila kai tsaye. A 1885 suka ayyana yankin bakin teku na wajen Kalaba da Boni a ƙarƙashin kariyarsu, saboda cinikin manja. A 1886 kuma gwamnatin Ingila ta ba wani kamfanin kasuwanci mai suna Royal Niger Company, na George Goldie, izinin mulki da karɓar haraji a gaɓar Kogin Kwara da Binuwai. Wato kamfani ne ke mulki, da sojojinsa da kotunansa.

Ranar 1 ga Janairu 1900 aka karɓe izinin daga kamfanin, aka kafa ƙasashe biyu: Najeriya ta Arewa a hannun Frederick Lugard, wanda kakanninmu ke kira Gwamna Lugga, da Najeriya ta Kudu mai hedikwata a Kalaba. Legas tana gefe da nata gwamnan. Ka ga ƙasashe uku kenan, kowacce da gwamnanta, da dokokinta, da baitulmalinta. A lokacin ma Arewar a takarda kawai take hannunsu, don sai a 1903 suka ci Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. A 1906 aka haɗa Legas da Kudu, suka koma biyu.

Sunan kansa ya riga haɗin. Wata 'yar jarida Baturiya, Flora Shaw, ita ta kawo shawarar sunan Najeriya a jaridar The Times a 1897, daga sunan da Turawa ke kiran Kogin Kwara. Daga baya ta auri Lugga.

Me ya sa aka haɗa?

Maganar gaskiya, lissafin kuɗi ne. Arewa ba ta da tashar jirgin ruwa, don haka ba ta samun kuɗin kwastan. Harajin da ake tarawa bai isa ya riƙe gwamnatin Turawa ba, duk shekara sai baitulmalin Ingila ya cika giɓi. Kudu kuwa tana da rara, saboda kuɗin fito na kayan da ke shigowa ta teku, kuma kaso mai yawa daga giyar da ake shigowa da ita ne. Sai Landan ta ga in an zuba kuɗin a aljihu ɗaya, ta huta.

Dalili na biyu layin dogo ne. Gwamnatin Kudu ta taso da nata layin daga Legas, ya isa Ibadan a 1901 yana ta hawa Arewa. Gwamnatin Arewa kuma ta shimfiɗa nata daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano, ya isa a 1911. Gwamnatoci biyu na sarki ɗaya suna gasa a kan hanya ɗaya, wannan ɓarnar kuɗi ce.

Ranar 1 ga Janairu 1914 aka sanar da haɗin, Lugga ya zama Gwamna Janar. Babu ƙuri'ar jin ra'ayi, babu taron sarakuna da aka ce su amince ko su ƙi. Umarni ne daga Landan. To tunda ba yarjejeniya ba ce tsakanin Kudu da Arewa, babu wani wa'adin shekara ɗari a ciki. Wannan magana jita-jita ce kawai.

An haɗa aljihu, ba a haɗa mutane ba

Abin da aka haɗa a 1914 shi ne baitulmali, jirgin ƙasa, gidan waya, kwastan da soja. Amma Arewa da Kudu kowacce ta ci gaba da nata mataimakin gwamna da tsarin mulkinta. A Arewa ana mulki ta hannun sarakuna da alƙalai, ana aiki da Hausa, an taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. A Kudu makarantun mishan sun riga sun bazu. Daga nan tazarar boko ta samo asali. 'Yan Kudu da suka zo aikin akawu da jirgin ƙasa a Kano da Zariya, sai aka ware musu Sabon Gari a wajen ganuwa.

Ko majalisar dokoki da Gwamna Clifford ya kafa a 1922, Legas da Kudu kawai take yi wa doka. Sai a 1947, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Richards, wakilan Arewa da na Kudu suka fara zama a majalisar dokoki ɗaya. Shekara 33 bayan haɗin fa kenan. A tsakiyar wannan lokaci, a 1939, aka raba Kudu gida biyu, Yamma da Gabas.

Waɗanda suka haɗa ƙasar da ƙafa

A nan ne tarihinmu ya shigo. Tun kafin Lugga ya zo, fatake suna gangarowa Kurmi da shanu, kanwa da fata, su koma da goro. A Legas akwai Hausawa tun ƙarni na 19, har a 1863 wani jami'in Ingila, John Glover, ya kafa ƙaramar runduna daga cikinsu, wadda ake lissafawa a matsayin tushen sojan Najeriya.

Abin da haɗin ya ƙara shi ne sauƙin hanya. Mahaifina mai sayar da shanu ne, kuma duk wanda ya tashi a wannan sana'a ya ji labarin kora a ƙasa: a yi makonni ana tafe da garke, a ratsa dajin da tsando ya yi yawa, sammore ya kama dabba ta rame kafin ta isa kasuwa. Da layin Legas ya haɗu da na Kano a 1912, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, sai aka fara loda shanu a jirgi, tafiyar makonni ta koma ta kwanaki. Gabas ma ta samu nata layin daga Fatakwal zuwa Inugu saboda kwal, gadar Makurdi ta haɗa shi da Arewa a 1932. Kuɗi ma ya zama ɗaya, fam da sule da kwabo suka maye gurbin wuri.

Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta a 1916. Agege da Shagamu sun cika da 'yan goro. A waɗannan wurare aka gina tsarin da har yau muke ci: mai gida ya sauke baƙo, dillali ya haɗa shi da mahauci Bayarabe, a ba da sa bashi a kan amana, ba takarda ba lauya. Wannan hulɗa ta riga majalisar 1947 da shekaru masu yawa.

Akwai misali ɗaya da ya kamata kowane yaronmu ya sani. Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, da cinikin shanu ya zauna Inugu. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, kuma shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, da ƙuri'ar mutanen garin.

Daga gardama zuwa 'yanci

'Yan siyasa kuwa sun sha rigima kafin su yarda da juna. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka dage sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, aka ba su. A Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba da 'yanci a 1956. 'Yan Arewa suka ce ba su shirya ba, don suna tsoron 'yan Kudu masu boko za su cike ofisoshi. A wannan rikicin ne Sardauna Ahmadu Bello ya kira haɗin 1914 kuskure. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titin Legas, a watan Mayu kuma faɗa ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka.

Mafitar da aka samu ita ce tarayya. Tsarin mulkin 1954 ya ba kowace jiha, Arewa, Yamma da Gabas, gwamnatinta da firimiyanta. Yamma da Gabas suka samu mulkin kai a 1957, Arewa a 1959. Ranar 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila, aka ɗaga kore da fari wadda wani ɗalibi, Taiwo Akinkunmi, ya zana, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista. Gutsuren ƙarshe ya shigo a 1961: mutanen Kamarun ta Arewa, wato su Mubi, Gwoza, Ganye da Gembu, suka zaɓi Najeriya da ƙuri'a. Su ne yankin da aka tambaye su kafin su shigo.

Bayan yaƙi

Juyin mulkin Janairu 1966, da na ramuwa a Yuli, da kisan da aka yi wa dubban Ibo a garuruwan Arewa, sun kusa wargaza komai. A lokacin a Arewa ake ihun "a raba". 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma an kashe wasu, sauran suka gudu suka bar dukiya. Yaƙin basasa ya ɗauki wata 30, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, yunwa ta kashe ɗimbin yara a Gabas.

Yawancin abubuwan da muke gani yau na haɗin kai, bayan wannan aka ƙirƙiro su da gangan. Gowon ya rusa manyan jihohin ya yi 12 a 1967, har suka kai 36 a 1996, don kada wani yanki ɗaya ya rinjayi saura. A 1973 aka kawo naira da kwabo, aka kafa bautar ƙasa don ɗan Katsina ya zauna Oweri, ɗan Oweri ya zauna Katsina. Aka yawaita makarantun sakandaren tarayya. A 1976 Murtala Muhammed ya yanke a gina sabon babban birni a tsakiya, gwamnati ta tare Abuja a Disamba 1991. Tsarin mulkin 1979 ya kawo dokar raba muƙamai tsakanin jihohi.

Inda aikin bai ƙare ba

Tsarin mulkin 1999 ya faɗi haƙƙinmu a fili. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar yawo da zama a ko'ina a Najeriya. Sashe na 42 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila, addini ko wurin asali. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina.

Amma wannan kundin dai yana ɗauke da kalmar ɗan asalin jiha wajen rabon muƙamai, kuma irin wannan tanadi ne ke ba takardar indijin ƙarfi. Ni a Kudu aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, ina jin Yarbanci kamar Hausa. Da na nemi takardar, sai aka ce na tafi garin kakana. Can kuma sai da aka nemo wanda ya san mahaifina kafin a sa hannu. Ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, irin wannan katangar yake ci karo da ita. Rikici irin na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairu 2021 yana nuna yadda saɓanin mutum biyu ke komawa faɗan "baƙo" da "ɗan gari" cikin awa kaɗan.

Shawarata gajeriya ce. Mu yi wa yara takardar haihuwa a inda aka haife su. Mu yi katin zaɓe a unguwar da muke zaune, don ɗan siyasa ba ya jin kukan wanda ba ya cikin rajistarsa. Mu adana rasitin haraji da takardun rumfa da na fili. Mu sa yara boko tare da allo, su koyi harshen maƙwabta. In an ce mana baƙi ne, mu amsa da ladabi, kuma mu san sassan dokar nan uku da lambobinsu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwa. Amin.